Harafi Ɗaya Cikin Jini: Shin Awo Kafin Aure Ya Saɓa wa Tawakkali?

 

Akwai wata magana da ke yawan tasowa tsakanin ƴan'uwa idan ana shirin haɗa yara aure, musamman auren zumunci ko wanda aka ƙulla a zawiya tsakanin almajiran shehi ɗaya. Wani zai ce a kai saurayi da budurwa gidan likita a auna jininsu saboda ciwon amosanin jini, wanda ake kira sikila, wasu kuma su ce emasi. Sai wani dattijo ya ɓata rai, ya ce wannan leƙen gaibu ne, abin da aka rubuta an riga an rubuta, iyaye da kakanni ba su yi awo ba, ga shi kuwa sun cika gari da zuriya. Mai wannan magana ba jahili ba ne. Sau da yawa ma ya fi mai kiran awon yawan ibada, kuma abin da yake tsoro abin tsoro ne da gaske: kada zuciya ta saki Mai sababi ta rataya ga sababi. Sai dai ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba. Kafin a ce awon ya dace ko bai dace ba, sai an san mene ne likita ke dubawa a cikin ɗigon jinin nan.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kuma a cibiyar kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon zare da masu karatun Faransanci ke ce wa ADN, masu Ingilishi kuma DNA. Wani matashin likita mai suna Friedrich Miescher ne ya fara ware shi a shekarar 1869 a garin Tubingen na Jamus, daga mugunyar da ke jikin tsummokin ɗaurin rauni da ake kawo masa daga asibiti. Abin da duniya ke tinƙaho da shi yau, a cikin abin zubarwa aka tsince shi. Shi kansa Miescher ya rasu bai san aikin abin da ya tsinta ba.

Zaren nan jeri ne na tubala, kowane tubali ana ce masa nukiliyotid, kuma kashi uku ne da shi: ɗan sukari, da wani sinadari mai suna fosfat, da abu na uku wanda shi ne harafin. Sukari da fosfat su ke kama hannun juna su zama igiya, ba sa canzawa tun daga farko har ƙarshe. Harafin ne ke canzawa, kuma haruffan huɗu ne tak: adenin, timin, guwanin da sitozin, ana taƙaita su da A, T, G, C. Igiyoyin biyu ne suna fuskantar juna, haruffansu sun haɗu a tsakiya kamar matakan tsani, sannan aka murɗa tsanin kamar yadda mai tufka ke murɗa igiyar kaba. A ba ta kama kowa sai T, G ba ta kama kowa sai C. James Watson da Francis Crick ne suka bayyana wannan siffa a 1953 a Kembirij ta Ingila, bayan Watson ya ga hoton da aka ɗauka a ɗakin binciken wata mace mai suna Rosalind Franklin a Landan. Ita ta rasu a 1958, shekara huɗu kafin a raba kyautar girmamawa a kan aikin.

Fa'idar wannan haɗi biyu-biyu ita ce kowane gefe shaida ne a kan ɗan'uwansa. Idan ƙwaya za ta rabu gida biyu, sai tsanin ya tsage ta tsakiya, kowane ɓari ya gina wa kansa abokin zama, tunda wanda ya san gefe ɗaya ya san ɗayan. Har akwai masu bi baya suna dubawa suna gyara inda aka yi tuntuɓe, kamar yadda marubucin littafi ke zama da wani su yi muƙabala bayan ya gama kwafa. Haruffan sun kai wajen miliyan dubu uku, kuma kwafi biyu kowane mutum ke ɗauke da su, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, an ɗaure su dami-dami, dami 23 daga kowane ɓangare. Da za a warware na ƙwaya ɗaya a miƙe shi, zai kai kusan mita biyu.

To, rubutu ba ya aiki da kansa. Masu aikin jiki su ne furotin: su ke narkar da tuwo a ciki, su ke motsa tsoka, su ke yaƙar cuta, su ke ɗaukar iska a jini. Idan jiki na bukatar wani furotin, ba ya fitar da asalin littafin daga cibiya. Sai a kwafi sashen da ake so a kan wani zare mai igiya ɗaya, ARN ko RNA, wanda ke sanya harafin urasil a gurbin timin. Kamar allon almajiri ne: littafi na wurin malam, an rubuta darasin yau, an karanta, an wanke. Ana karanta allon nan haruffa uku-uku. Haruffa huɗu idan aka jera su uku-uku suna ba da kalma 64. Daga ciki 61 kowace na kiran sunan wani tubalin furotin, sauran ukun kuma alamar waƙafi ce, wato a tsaya nan.

Tubalan furotin ana ce musu amino asid, iri 20 ne. Dukansu suna da hannu biyu iri ɗaya, ɗaya na kama na gaba, ɗaya na kama na baya, shi ya sa suke jeruwa kamar ƴaƴan carbi. Abin da ya bambanta su shi ne wani reshe da kowane ke da shi a gefe. Wani reshensa na son ruwa, wani na gudun ruwa kamar yadda mai ke gudunsa, wani babba, wani ƙarami. Carbin kuwa ba ya zama a miƙe. Da zarar an gama jera shi sai ya naɗe kansa, wani wuri ya murɗe, wani wuri ya ninke, masu gudun ruwa su ɓuya a ciki, masu son ruwa su tsaya a waje, har ya zama dunƙule mai siffa ta musamman. Wannan siffar ita ce aikinsa. Idan siffa ta ɓaci, aiki ya ɓaci, ko da duk sauran ƴaƴan carbin suna nan lafiya.

Furotin da ya shafi maganar aure shi ne hemogulobin, wanda ke sa jini ja, kuma shi ke ɗauko iskar numfashi daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Carbi huɗu ne aka haɗa wuri ɗaya: biyu masu ƴaƴa 141, biyu masu ƴaƴa 146, kowane riƙe da ƙwayar ƙarfe ɗaya inda iskar ke sauka. Max Perutz ya shafe fiye da shekara ashirin a Kembirij kafin ya ga siffarsa a 1959. Kowace jar ƙwayar jini na ɗauke da kusan miliyan 270 na wannan furotin.

Sai a dubi carbi mai ƴaƴa 146, a ƙirga zuwa ɗa na shida. Ga yawancin mutane kalmar da ke kiransa ita ce GAG, tubalin da ke amsawa kuma shi ne gulutamik, mai son ruwa. Ga wasu, harafin tsakiya ya sauya, kalmar ta koma GTG, sai wani tubali mai suna balin ya zo ya zauna a wurin. Shi kuwa balin mai gudun ruwa ne, ga shi an ajiye shi a waje inda ruwa yake. Sai ya riƙa neman inda zai ɓuya. Da zarar hemogulobin ya sauke iskarsa, sai wani ɗan gurbi ya buɗe a jikin maƙwabcinsa, balin ya liƙe a ciki, na biyu ya liƙe wa na uku, har su zama dogayen sanduna masu tauri. Ƙwayar jini da a da take zagaye, mai laushi, tana lanƙwasa ta wuce ta siraran hanyoyi, sai ta sandare ta ɗauki siffar lauje. Laujunan su cushe hanya, jini ya kasa wucewa, ƙashi ya kama ciwon da ke sa babban mutum kuka. Ƙwayar da ta saba yin kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, jini ya yi ta ƙaranci, ido ya yi ɗorawa. Wanda ya yi karatun allo ba zai yi mamaki ba. Ya san ɗigo ɗaya ne tsakanin rahama da zahama, zahama kuwa a Larabci cunkoso ce.

Wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara rubuta bayanin waɗannan ƙwayoyi masu kama da lauje a 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa hemogulobin ɗin kansa ne ya bambanta, sannan Vernon Ingram a 1956 da 1957 ya nuna cewa duk bambancin bai wuce tubali ɗaya ba.

Abu na farko da wannan sani ke yi shi ne wanke wadda aka daɗe ana zalunta. Tunda kwafi biyu ne, mai ɗauke da harafin a kwafi ɗaya, wanda ake ce wa AS, lafiyarsa lau, yana noma, yana azumi, sau da yawa bai ma san yana da shi ba. Ciwon ba ya bayyana sai ga wanda ya gada ta ɓangare biyu, wato SS. Ke nan duk yaron da ke kwance da wannan ciwo, rabi daga uwarsa ne, rabi daga ubansa, babu wanda ya fi wani kaso. Amma a gidaje da yawa uwa ce ke shan magana. A ce tana wabi, a ce jininta ne ba kyau, a zargi kishiya, a zargi wata tsohuwa da maita. Wani ma ya sake ta, ya auri wata, ya sami ƴaƴa masu lafiya, ya ce ai ga hujja. Ba hujja ba ce. Ta biyun ce ta zo da AA, ta rufa masa asiri, harafinsa kuwa na nan yana bin ƴaƴansa a ɓoye. Mutumin da ke zama a da'irar wazifa kullum yana neman gafara, ya kamata ya ji nauyin ɗora wa baiwar Allah laifin da rabinsa na cikin jijiyarsa, alhali ma ba laifi ba ne, don ba wanda aka yi shawara da shi kafin a rubuta harafin.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi. Da harafin nan ɓarna ce zalla, da ya ƙare tun tuni. Me ya sa a wannan yanki kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ke ɗauke da shi? Anthony Allison, wanda ya girma a Kenya, ya nuna a 1954 cewa yaro mai AS ya fi tsira daga mugunyar masassarar cizon sauro, irin wadda ke kashe yara da damina. Harafin da ke kwantar da mai kwafi biyu, shi ne garkuwar mai kwafi ɗaya. A wannan gurbi na shida kuma akwai wani sauyin, GAG ta koma AAG, ana ce masa C, ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, shi ma yana da irin wannan kariya, kuma idan ya haɗu da S yana kawo ciwo. Saboda haka dattijon da ya ce kakanni sun cika gari ba tare da awo ba ya faɗi gaskiya, har ma fiye da yadda ya sani: cikin waɗanda suka rayu suka cika garin, da yawa harafin nan ne sababin rayuwarsu. Abin da lissafinsa ya tsallake shi ne ƙananan kaburburan da ba a ƙirga ba. Kuma wanda ya fahimci wannan ba zai ƙara kiran harafin la'ana ko kuskuren halitta ba.

Saura maganar gaibu. Likita ba ya duba gobe. Abin da yake karantawa yana nan a jikin mutum tun yana cikin mahaifa, kamar mai ɗanɗana ruwan rijiya ya ce akwai kanwa. Iyakar abin da zai iya faɗa wa AS biyu shi ne: a kowane ciki, kashi ɗaya cikin huɗu SS ne, biyu AS, ɗaya AA. Ba zai ce wane ciki ba. Lissafin kuma ba ya tuna baya, wasu su haifi shida babu mai ciwo, wasu su haifi uku a jere duk masu ciwo. Gaibu na nan a matsayinsa, ba a taɓa shi ba. Haka nan masu zumuɗin cewa ADN shi ne Lauhul Mahfuzu sun wuce gona da iri. ADN halitta ce cikin halittu, sababi ne cikin sabubba. Tagwaye masu kama ɗaya haruffansu kusan duk ɗaya ne, amma arzikinsu daban, ajalinsu daban, wani ya zama mai tsayuwar dare, wani ya zama mai barci har hantsi.

Magabata ba su bar wannan babi ba bayani ba. An san labarin mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umurce shi da ya ɗaure ta sannan ya dogara. An san Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya juya da jama'a daga hanyar Sham lokacin da ya ji annoba ta sauka can, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa inda ya juya ɗin ma cikin ƙaddara yake. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya kasa sabubban kawar da cuta gida uku: wanda amfaninsa tabbas ne kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda ake kyautata zaton amfaninsa kamar ƙaho da shan magani, da wanda amfaninsa tsammani ne kawai. Barin na farko ba tawakkali ba ne. Na biyu kuwa yin sa ba ya warware tawakkali, barinsa ma ba haramun ba ne, har yakan zama shi ne mafifici ga wasu masu hali. A nan dattijon yana da madafa, kuma adalci ne a ba shi ita: an yi bayin Allah da suka bar magani, suka shiga daji ba guzuri, ba wanda ya isa ya ce sun ɓata.

Sai dai wanda ya shiga daji ba guzuri, cikinsa ne ke jin yunwar. Shi Gazalin ya bambanta mai iyali da wanda yake shi kaɗai, ya nuna ba a ɗora wa iyali haƙurin da mutum ya zaɓa wa kansa. To, a auren AS biyu wa ke ɗaukar nauyin? Ba waliyyin da ya ƙi awo ba, ba wanda ya shafa fatiha ba. Yaro ne da bai zo duniya ba tukuna, wanda zai yi kamar wata shida lafiya lau saboda hemogulobin na jarirai da ke kare shi, sannan hannuwansa da ƙafafunsa su fara kumbura. Da yarinya ƴar shekara goma sha takwas da za ta riƙa kwana zaune a gefen gadon asibiti tana neman wanda zai ba da jini. Tawakkali hali ne na zuciyar mai shi. Ba a yin sa da jikin wani, balle wanda ba a tambaye shi ba. Wanda ya ƙi sani alhali sanin na kusa da shi, kuma cutarwar a kan waninsa za ta faɗa, ya kamata ya binciki zuciyarsa da kyau, ko dogaro ne ya hana shi, ko kuwa kunyar fasa maganar da aka riga aka yi a gaban manya.

Amma sani ma yana da nasa zalunci, kuma an fara ganinsa. Sakamako ya fito, kafin yamma unguwa ta ji, yarinya mai AS ta zama abar gudu kamar mai kuturta, alhali ba ta da ciwon komai, kuma idan ta auri mai AA babu ɗanta ko ɗaya da zai zama SS. Shi kansa mai SS idan ya auri mai AA, ƴaƴansa duka AS za su zama. Takardar awo amana ce, hukuncinta hukuncin sirrin da muridi ya faɗa wa muƙaddaminsa. Mai yaɗa ta ya ci naman ɗan'uwansa, mai sayen ta ƙarya don aure ya ɗauru ya yi yaudara a cikin alkawari mafi nauyi. Mafi yawan wannan ɓarna kuwa daga jinkiri take. Tun ran gini ran zane: idan matashi ya san harafinsa tun kafin ya fara zuwa zance, magana biyu ta isa. Idan aka bari sai an kai kaya an sa rana, to ko dai a karya zukata biyu da zumuncin gida biyu, ko a rufe ido a ɗaura.

Waɗanda suka riga suka yi aure suka haifi mai ciwo, babu mai ce musu su rabu, babu kuma zargi a kansu. AS biyu da suka sani, suka ji bayani dalla-dalla, suka ce duk da haka sun yarda, hukuncinsu na malaman fatawa ne. Abin da bai kamata ba shi ne a tura su da girman shehi ko na uba, a ce albarka za ta rufe. Muƙaddamin da aka zo wa neman sa albarka yana da damar da likita ba shi da ita, don ana jin maganarsa, tambaya ɗaya daga bakinsa ta isa: an yi awo?

A lura kuma, awon rukunin jini, wanda ke cewa A ko B ko O, ba shi ne wannan ba, da yawa na ruɗewa a nan. Gwajin Emmel ma bai wadatar ba, don ba ya raba AS da SS, kuma ba ya ganin C. Wanda ake nema shi ne elektroforez na hemogulobin, kuma wanda aka ƙara wa jini kwanan nan sai ya jira kamar wata uku. Akwai cibiyar ƙasa ta wannan ciwo a Yamai, mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa kuma su tambaya a manyan asibitocin jihohinsu. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani da ke gyara rubutun ADN a ƙwayoyin ɓargo, amma kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu ga mutum ɗaya. Abin da hannu ke kaiwa shi ne allurar rigakafi, gidan sauro, yawan shan ruwa, magungunan da likita ke rubutawa irin su hidroksiyuriya, da gaggawar zuwa asibiti idan jiki ya yi zafi.

Sanyi da ƙishirwa da gajiya mai tsanani su ke tayar da laujunan nan. Ɗan'uwa mai wannan ciwo idan ya zo zawiya da asubahin hunturu, a ɗumama masa ruwan alwala, a ba shi wuri nesa da ƙofa. Idan zikirin Juma'a ya yi tsawo ya zauna, kada a dube shi. Idan likita amintacce ya hana shi azumi, ya bi rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya, ba raunin himma ba ne. Ranar da aka ce ana neman jini dominsa, samarin da'irar da suka san jininsu su riga danginsa isa asibiti.